Wanda Yake Kankare Min Murfin Danja

Shekarar da na sayi tsohuwar jif ɗin nan a gwanjo, sau biyu danjar bayanta tana fashewa. Na farko amalanken shanu ce ɗauke da rake ta goge ni a wata ƙaramar hanyar gona a ƙasar Kudan. Na biyu ni da kaina na ja da baya na daki kututturen ɗorawa a Gazara, amma sai da na kwana biyu ina hararar masu gadin ofis kafin na tuna. Haka nake. Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba sai a daminar da zan ba da labarinta, wadda a cikinta na jefa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya cikin abin da har yau ban iya fitar da shi ba.

Malamin gona ne ni, ina zaune a Makarfi, aikina kuma yawo ne a ƙauyuka, inda kwalta ba ta kai ba. Da na gaji da sauya gilashin danja, sai mai gyaran wutar motata, wanda muke kira rewaya, ya ba ni shawara in sa mata kariya. Na je Zariya wajen masu kayan mota na dawo da abu biyu: ragar ƙarfe mai sanduna, da wani baƙin murfin roba da ake kifawa a kan gilashin kafin a ɗaura ragar. Rewaya ya jujjuya murfin ya ce ragar kaɗai ta isa, wannan baƙin ado ne kawai, kuma zai rage hasken. Na ce ya kifa shi a kan gilashin ya taka birki in gani. Ya taka, na tsaya taku uku a bayan motar a ƙarƙashin rumfarsa, na ga ja, na ce ya ɗaura. A raina ma cewa na yi so yake in bar masa murfin ya sa wa wani.

Ya ɗauki lokaci a kan aikin, ina tsaye a kansa. Ya wanke gilashin da ruwan sabulu, ya bari ya bushe ƙarau, domin a cewarsa in aka rufe da danshi ciki zai riƙa gumi. Ya shafa gam a bakin murfin, ya danna, sannan ya ɗora ragar ya riƙa ɗaure notinan a gicciye, wannan kusurwa sannan waccan, kaɗan-kaɗan, don kada robar ta tsage. Ya ce kada in shiga ruwa da ita sai gobe. Ya kuma ja mini kunne cewa baƙin nan a sama kawai yake kamar ɓawon albasa, can ciki robar fara ce tas. Kada in goge shi a bushe, yashi zai karce shi. Kada in kusanto da fetur. Ruwa da tsumma mai laushi kawai, kuma duk wata in kwance ragar in fitar da lakar da ke taruwa a ƙasa.

Na riƙe wannan karatu fiye da yadda na riƙe na makaranta. Duk ranar Asabar da hantsi nakan fito da bokiti, in fara da danjar nan kafin ko'ina. Matata takan leƙo ta ce ko ita ban taɓa saya mata tsumma na musamman ba.

Ranar Juma'a kuwa gida nake zuwa, ƙauyenmu da ke bayan Saulawa. Mahaifinmu malami ne, manyan ɗalibai ke zuwa daga ƙauyukan kewaye suna ɗaukar karatun littattafai a zaurensa, kuma mu ma Malam muke ce masa. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka tun tasowata bai taɓa kiran sunana ba, bai cika yi mini magana kai tsaye ba. In na durƙusa na gaishe shi yakan amsa yana kallon littafi. In yana da saƙo gare ni, ƙanena yake faɗa wa ko da ina zaune a wurin, ya ce a gaya wa mutumin Makarfi kaza. Ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba, haka muka ga ana yi wa ɗan fari. Ƙanena shi ya zauna a gida, yana noma, yana kula da Malam tun rasuwar mahaifiyarmu. Nakan iso kafin masallaci, mu ci abinci tare a zaure, bayan la'asar in zaga gaishe-gaishe da duba gona a ƙafa, in an sallame magariba in kama hanya. Hanyar tana gangarawa ta ratsa wani rafi ta hau tudu, kuma da damina ruwan kan cika ba shiri.

Juma'ar farko da na je da sabon murfin, ƙanena ya zagaya motar yana dariya.

"Yaya, ciwon ido take yi ne aka sa mata tabarau?"

Na yi dariya ni ma, amma na ajiye maganar a raina. Malam ya fito zai tafi masallaci, ya ɗan tsaya a bayan motar ya duba, ya wuce.

Mako biyu bayan haka, ina wanki ranar Asabar, na ga wani wuri a murfin hagu ya yi fari. Faɗinsa bai wuce yatsa uku ba, a tsakanin sanduna biyu na ragar. Matata ta ce ƙila reshe ne. Na ce reshe dogon layi yake ja, kuma ba ya zura hannu tsakanin ƙarfe ya zaɓi wuri. Wannan gajerun kankara ne a jere, ɗaya kusa da ɗaya, gefensu a miƙe. Na kai wa rewaya, ya shafa da babban yatsa ya ce wuƙa ce, mai kaifi kuwa, kuma wanda ya yi ba sauri yake ba.

Daga ranar na fara aikin da na fi iyawa. Duk inda zan ajiye motar sai na ɗauki hoton danjar da waya, in na dawo in gwada. Na zargi maƙwabcina da muka taɓa samun saɓani a kan kwata. Na zargi wani abokin aiki da ya taɓa cewa motar ta fi ƙarfin matsayina. Litinin zuwa Alhamis babu abin da ya ƙaru. Ranar Juma'a na ɗauki hoto kafin in bar Makarfi. Da safiyar Asabar farin ya ninka, kuma an fara taɓa na dama. Babu inda na tsaya a tsakani sai ƙofar gidanmu, gindin darbejiyar da nake ajiye ta.

A wannan tsakanin ne na lura da babur ɗin. Ina barin gari bayan magariba sai in ga fitila ɗaya a madubi, ba ta matsowa, ba ta kuma ɓacewa. In na rage gudu ta rage. Da na kai gangaren rafi sai ta tsaya a sama, ta jira in tsallake in hau tudu, sannan ta juya. A shekarun nan da ake tare mutane a hanya, babu wanda yake son ganin fitila tana bin sa a daji. Karo na farko na taka mai har ƙasan motar na dukan dutse. Karo na biyu na daure na tafi a hankali ina kallo. Fitilar ta karkace hagu, tana kuma rawa in an shiga gargada. Na san wannan fitilar, domin a gabana ƙanena ya ɗaure ta da robar tayar keke bayan ta karye.

Ba zan ɓoye abin da na ƙulla a raina ba, ko da yake ina rubuta shi ne fuskata na zafi. Na ce ana yi wa motata alama don wasu su gane ta a duhu, ana kuma auna lokacin da nake isa rafi, inda dole in tafi a hankali. Da na samu wannan, sai na shiga tattaro masa shaidu. Na tuna shekarar da ya ƙi shuka irin masarar da na kawo. Na tuna yadda yake kwaikwayon tafiyata da takalmin ruwa. Na tuna ni aka kai makarantar boko shi aka bar shi da fartanya. Har maganar tabarau na ɗauko na sake aunawa, na ga ta yi nauyi. Mutumin da na goya a bayana zuwa bakin rafin nan, cikin mako guda na mai da shi wanda zai sayar da ni.

Matata ta ce in kira shi gefe in tambaye shi, mu biyu. Na ce wanda ya iya wannan zai iya rantsuwa. Ta ce to in jira in gani da idona. Na ce mata ba ta san mutane ba.

Juma'ar da ta biyo, muna zaune a zaure bayan masallaci, ni da shi da wasu ɗaliban Malam biyu, magidanta daga ƙauyukan gaba, mun sa hannu a kwano ɗaya. Malam yana gefe a kan buzunsa da littafi a buɗe. Ban yi niyyar yin maganar a nan ba. Ƙanena ne ya tambaye ni cikin raha ko yau ma sai magariba zan tafi, ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce me ya sa yake son sanin lokacin tafiyata. Na ce babur ɗin wa ke bi na zuwa rafi. Ya ce nasa ne, shi ne kuma a kai. Na ce don me, ya kau da kai. Na ce wa yake kankare mini danja, ya ɗaga kai ya dubi Malam, ya sunkuyar. Wannan kallon ni a wurina amsa ce.

"Wa kake nuna wa motata?" in ji ni. "Faɗa mini su waye, tun muna mu kaɗai."

Ba mu kaɗai ba ne, kuma na sani. Ya zare hannunsa daga kwanon a hankali, ya riƙe shi a sama don kada miya ta ɗiga a tabarma.

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya tashi ya fita. Ɗaliban nan biyu suka dubi juna suka ci gaba da tauna abin da ke bakinsu. Malam ya juya shafi, can kuma ya rufe littafin ya ɗauki buta, alhali la'asar da saura. Da magariba na kama hanya, sai ga fitilar nan a bayana kamar kullum. Na yi ƙwafa na ce lalle yaron nan ya riƙa.

Na ƙudura sai na kama shi da wuƙar a hannu. Na koma Zariya na sayo sabon murfi, rewaya ya ɗaura yana girgiza kai. Ranar Juma'a na ajiye motar a gindin darbejiya, baƙin nan yana sheƙi. Ƙanena ya gaishe ni a tsaye daga nesa, bai zo cin abinci ba. Bayan la'asar na yi sallama da ƙarfi na ce na tafi gona, na bi ta bayan gari na zagayo, na laɓe a bayan rumbunan maƙwabta inda nake hango motar. Ina tsaye cikin ciyawa, cinnaku na cizon ƙafata, mutum mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu.

Na fi rabin awa ban ga kowa ba sai awaki. Sannan labulen zaure ya motsa, Malam ya fito. Ya dubi gabas ya dubi yamma. Ya tako zuwa bayan motar, ya dafa ƙarfen baya ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ya shafa sabon murfin, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya zura hannu a aljihu ya fito da 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita, ya sa tsininta tsakanin sanduna ya fara kankarewa. In ya yi kaɗan ya hure, ya goge da yatsa. Can ya miƙe ya ja da baya kamar taku goma, ya kare ido da tafi ya ƙanƙance su, ya dawo ya sake durƙusawa.

Ban iya fitowa ba, domin na san in ya ɗago ya gan ni, kunyar da zai ji ta fi tawa. Na ja da baya a hankali na bi ta inda na fito, ban ma san ina kuka ba sai da na ji gishiri a baki.

Na sami ƙanena a bayan gari yana yankar wa shanun huɗa ciyawa. Na ce masa na gani. Bai tambaye ni me na gani ba, ya ci gaba da yanka. Sai da ya cika hannu ya ajiye, sannan ya ba ni labarin, idonsa a kan lauje. Ya ce tun ranar da na fara zuwa da mota, in na tafi Malam ba ya shiga gida. Yakan tsaya a bakin dakali ya bi jajayen fitilun nan biyu da ido har su nutse a gangare, ya jira su ɓullo a tudun tsallake, sannan ya juya. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da yake kallo ba, kowa a gidan kuma ya yi kamar bai sani ba. Ranar da na zo da baƙin murfi, idonsa bai ga komai ba. Ya tsaya har aka kira isha'i, sannan ya ce, ba da kowa yake ba, ko ruwan rafin nan ya ƙaru. Daga nan ƙanena ya fara hawa babur yana raka ni, ya dawo ya wuce ta gaban dakali yana cewa hanya lafiya, kamar da wani yake.

Na ce to me ya hana ya gaya mini tun farko. Ya ce ya san halina, da na je na durƙusa ina godiya, Malam kuma ba zai ƙara iya tsayawa a dakalin ba. Na ce ranar da na tsare shi a zaure fa. Ya dube ni a karon farko.

"A gaban ɗalibansa zan ce shi ne yake tsugunawa a bayan mota da wuƙa?"

Na roƙe shi gafara, na riƙe hannunsa da laujen da komai. Ya ce ya yafe, babu komai. Ya faɗa da sauri, yadda ake faɗa wa wanda ya taka ka a kasuwa. Na koma gindin darbejiya na tarar Malam ya shige. Na ɗauko sukurudireba na kwance ragar, na ɓamɓare murfin biyu, sabo fil da ɗan farin tabo a na hagu, na mayar da ragar kaɗai a kan jan gilashi. Da zan tafi na durƙusa na yi wa Malam sallama, ya amsa yana kallon littafi, ya ce wa bango a gaya wa mutumin Makarfi ya riƙa fita da wuri.

Na ɗauka magana ta ƙare. Na manta da magidantan nan biyu da muka ci tuwo tare. Ba mugaye ba ne, sun dai ji babban wa ya tuhumi ƙanensa da nuna shi ga miyagu, sun ji ƙanen ya amsa cewa babur ɗinsa ne, sun ga bai kare kansa ba. Kowa ya koma ƙauyensu da abin da ya ji. Kafin wata ya ƙare, masu sintirin gari sun daina gaya wa ƙanena ranar da za su fita. Wani da suka saba haɗa kaya a mota ɗaya zuwa kasuwa ya ce bana ya samu wata hanyar.

Na bi su gida-gida. Na ce kuskure na yi, ƙanena raka ni yake yi saboda ruwa. Kowa ya ce madalla, Allah ya ƙara haɗa kanmu. Daga nan sai a yi mini tambaya ɗaya: to wa ya kankare fitilar? In na ce reshe ne, ni da kaina na riga na rantse a zaure cewa wuƙa ce. In na ce ban sani ba, sai in ga sun gyaɗa kai irin na wanda ya gane ɗan'uwa ne ke rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Na koma wurin ƙanena na ce zan miƙe a masallaci bayan salla in faɗi komai yadda yake. Yana ɗaure buhu a bayan babur, bai saki igiyar ba.

"Ka ce me? Ka ce Malam ne?"

Na ce to ya zan yi, sunansa ne ke lalacewa.

"Ka bar shi a kaina, Yaya. Shi ya tsufa, ni ina da sauran lokaci."

Ban miƙe a masallacin ba. Damina uku ke nan, kuma Malam yana nan da ransa, ban kuma faɗa wa kowa a garin ba. Ran nan na biya ta wurin mai shayi a bakin kasuwa, ana hirar wanda ya sayar da masara da ranar da zai tafi Zariya. Ƙanena ya iso ya jingine babur ya yi sallama. Aka amsa masa da fara'a, aka tambaye shi gida da iyali da jikin Malam, aka matsa masa wuri a benci. Sai mai ba da labarin ya kurɓi shayinsa, ya bar zancen Zariya, ya ce bana kam ruwa ya yi kyau. Ƙanena ya ce alhamdu lillahi, ya zauna a ƙarshen bencin, ya ce a haɗa masa ba madara.